Kumburin Nono Ga Mai Shayarwa: Kada A Hana Jariri Tsotso

Yau za mu yi bayani bisa wata cuta da ke kama mata masu shayarwa, wato kumburin nono. Cuta ce sananniya. Da wuya a sami gari ko unguwa inda ba a taɓa ganin mai jego tana fama da ita ba: nono guda ya yi tauri ya ɗauki zafi, jikin uwa na rawar ɗari, jariri na kuka. Abin da aka saba yi a wurare da yawa shi ne a ce nonon ya ɓaci. Sai a hana jariri shansa, a gasa shi da ruwan zafi, a murje shi da ƙarfi. Likitoci sun gano cewa waɗannan abubuwa 3 ƙara ciwon suke yi. Uwa ta ƙare da ƙurji, jariri ya ƙare da zawo da rama. Alhali kuwa in an gane cutar da wuri, aka bi da ita sannu, jariri ya ci gaba da tsotso, sau da yawa takan lafa cikin kwana 2 ko 3, uwa ta ci gaba da goyonta lafiya.

Yadda nono ke yin ruwa

Kafin mu gane cutar, ya kamata mu san yadda nono ke aikinsa. Wanda ya dubi zangarniyar dawa zai ga tsaba masu yawa, kowace tana rataye ga ɗan siririn reshe, rassan kuma suna haɗuwa ga kara guda. Cikin nonon mace ma kusan haka yake. Akwai ƴan ƙananan jakunkuna masu yawan gaske inda ruwan nono ke tsattsafowa. Akwai kuma siraran hanyoyi da ke ɗauko shi su kai shi kan nono, inda jariri ke tsotsa.

Nono yana da ƙa'ida guda: gwargwadon abin da aka ɗiba, gwargwadon abin da jiki zai sake yi. In jariri ya ƙara sha, jiki ya ƙara. In ya rage sha, jiki ya rage, amma a hankali, cikin ƴan kwanaki. Matsala takan taso in abin da jiki ke yi ya fi abin da ke fita. Jakunkunan su cika su yi tam, naman da ke kewaye da su ya kumbura. Kumburin nan sai ya matse siraran hanyoyin, kamar yadda ƙafa ke take tiyon ban ruwa a garka. Ruwan nono ba ya wucewa sosai, ciwo kuma yana ƙaruwa. Kowane mai kiwo ya san irin wannan ga dabba. Akuyar da ɗanta ya mutu, in an bar ta ba a rage mata nono ba, hantsarta takan kumbura ta yi zafi har ta ƙi yarda a taɓa ta.

A farkon ciwon, sau da yawa babu ƙwayar cuta a ciki, kumburi ne kawai. Amma in ya daɗe, ƙwayoyin cuta suna iya samun wurin yaɗuwa. Wadda ta fi yin wannan ɓarna ita ce wadda likitoci ke kira istafilokok. Tana zaune a kan fata da cikin hancin mutane da yawa masu lafiya, ba ta yi musu kome. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kan nono ya tsage, ko naman ciki ya raunana saboda murza, nan take samun ƙofa.

Yadda ake gane shi

A bambanta abu 2 da ke kama da juna.

Na farko shi ne cikar nono. Takan zo tsakanin kwana na 3 da na 5 bayan haihuwa, lokacin da ruwan nono ke saukowa da yawa. Nonna biyu duka su cika su yi nauyi, fata ta yi sheƙi. In jariri yana sha akai-akai, takan wuce cikin kwana 1 ko 2.

Na biyu shi ne kumburin da muke magana a kansa. Yawanci nono guda yake kamawa, a gefe guda. Wurin ya yi tauri, ya yi zafi in an taɓa, ya yi ciwo. Ga mace mai hasken fata ana ganin wurin ya yi ja. Ga mai duhun fata kuwa jan ba ya fita sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Saboda haka kada a tsaya jiran ganin ja. Bayan haka masassara na iya biyowa, da rawar ɗari, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi. Ma'aunin zafin jiki yana iya kaiwa 38 da rabi ko fiye. Wani lokaci kaluluwa ta fito a hammata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a shekarar 2000 cewa cutar ta fi aukuwa a mako na 2 da na 3 bayan haihuwa, kuma mafi yawan masu kamuwa suna kamuwa ne cikin mako 12 na farko. Ke nan kwanaki 40 na jego su ne lokacin da ya fi kamata a sa ido. Amma tana iya zuwa kowane lokaci muddin mace tana shayarwa, har ranar yaye.

Mi ke kawo shi?

1. Jinkirin ba jariri nono. A wasu gidaje ana barin jariri kwana 2 ko 3 bai sha ba, ana matse dakashi ana zubarwa, wai ƙazanta ne. Kafin jariri ya fara tsotso, nono ya riga ya cika ya yi tauri har bakinsa ba ya iya kama shi.

2. Rashin kama nono da kyau. In jariri ya kama kan nono kawai, yakan ji wa uwa ciwo har kan ya tsage, kuma ba ya fitar da ruwan sosai.

3. Doguwar tazara tsakanin shayarwa. Uwa ta tafi gona, ko kasuwa, ko rijiya mai nisa, ta yi rabin yini jariri bai sha ba. Haka nan in an cika cikinsa da ruwa, ko bauri, ko kunu, sai ya rage tsotso.

4. Matsi. Ɗaurin ƙirji mai tsanani, da majanyin da aka ɗaure bisa nono aka tamke, da rigar nono da ta yi ƙanƙanta, duk suna danne hanyoyin ruwan nono.

5. Yaye na rana guda. A ɗauke yaro a kai shi gidan kakarsa, a bar uwa da nono cike.

6. Tatsa fiye da kima. Mace mai yawan ruwan nono, in tana tatsa bayan kowane shayarwa don ta ga ya ƙare, jiki zai ɗauka ana bukatar ƙari, sai ya ƙara.

Bisa waɗannan duka, gajiya da rashin barci suna rage ƙarfin jikin uwa, cutar ta fi saurin kama ta.

Shin ruwan nonon ya ɓaci ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. Amsa ita ce a'a, bai ɓaci ba.

Iyayenmu mata da ke cewa ya ɓaci, akwai abin da suka gani. Lokacin kumburi, gishirin da ke cikin ruwan nono yakan ƙaru, zaƙinsa ya ragu. Launinsa ma yana iya sakewa, ya yi kauri ko ya yi ɗorawa-ɗorawa. Jariri ya kama ya ji ɗanɗano dabam, ga nono ya yi tauri, sai ya saki ya yi kuka. Mai kallo sai ya ce jariri ya ƙi nono don yana da cuta. Gaskiyar magana, gishirin nan ba ya cutar da shi, kuma ɗanɗanon yakan koma yadda yake in kumburi ya sauka. Gwajin da ake yi a wasu garuruwa, na tatsa nono a ludayi a jefa tururuwa a ga ko za ta fita, ba ya nuna lafiyar nono ko cutarsa.

Ƙwayoyin cutar da ke cikin nonon ma ba baƙi ba ne ga jariri, domin tun ranar haihuwa yake manne da fatar uwarsa. Ruwan nonon kansa yana ɗauke da abubuwan da ke kare jariri daga cuta. Saboda haka OMS ta ce jariri mai lafiya ya ci gaba da shan nonon da ya kumbura.

A dubi kuma abin da ke faruwa in an hana shi. Ga uwa, ruwan nono ya ƙara taruwa, kumburi ya ƙaru, haɗarin ƙurji ya ƙaru. Ga jariri, za a koma ba shi ruwa, da nonon akuya, da kunu, ko madarar gwangwani da aka dama da ruwan da ba a tafasa ba. Cikin jaririn da bai kai wata 6 ba bai shirya wa waɗannan ba. Daga nan zawo ke farawa, zawo kuma shi ne babbar ƙofar tamowa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna jarirai 23 ne kawai cikin 100, daga waɗanda ba su kai wata 6 ba, ke shan nonon uwa zalla. Duk jaririn da aka raba da nono saboda kumburi, an ƙara shi cikin sauran.

Abin da za a yi a gida

A da, likitoci da kansu sukan ce a gasa nono, a murza shi, a tatse shi ƙarƙaf. A shekarar 2022 wata ƙungiyar likitoci masu kula da shayarwa, mai mazauni a Amurka, ta fito da sabuwar shawara bayan an ƙara fahimtar cutar. Tun da kumburin nama ne ke matse hanyoyin, aikin da ke gabanmu shi ne mu kwantar da kumburin. Ga yadda ake yi.

1. A ci gaba da shayarwa kamar yadda aka saba, duk lokacin da jariri ya nema, dare da rana, a nonna biyu. Kada a tsallake mai ciwon. Kada kuma a tilasta wa jariri shansa fiye da kima don a ga ya ƙare.

2. In nono ya yi tauri har jariri ya kasa kamawa, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta sa yatsu kewaye da gindin kan nono, ta danna a hankali zuwa wajen ƙirji kamar minti 1. Wurin zai yi laushi, jariri ya sami abin kamawa.

3. In jariri ya ƙi sha sam, a tatsa kaɗan da hannu. Babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, a gefen baƙar fatar da ke kewaye da kan nono. A tura yatsun baya wajen ƙirji, a matsa, a saki, a matsa, a saki. Da an ji sauƙi sai a tsaya. Abin da aka tatsa cikin kofi mai tsabta, a ba jariri da kofin ko da cokali.

4. A sanyaya wurin. A tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwan randa mai sanyi, a matse, a ɗora kamar minti 10 bayan shayarwa. A maimaita sau da yawa a yini. Inda ake samun ƙanƙara, a naɗe ta cikin tsumma, kada ta taɓa fata kai tsaye.

5. In za a shafa, a shafa sama-sama, kamar yadda ake shafa kan jariri, daga wajen kan nono zuwa hammata da gindin wuya.

6. A sassauta ɗaurin ƙirji. A tallafe nono da zane ko riga mai ɗan sakewa.

7. Uwa ta kwanta ta huta tare da jaririnta. Ta ci abinci, ta sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishirwa.

8. Parasetamol yana rage ciwo da masassara. Ibuprofen yana rage ciwo da kumburi. Mai shayarwa tana iya shan su, amma a karɓe su a gidan likita ko a famasi, a bi adadin da aka faɗa. Mai gyambon ciki da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita.

Abin da ba za a yi ba

Kada a murza nono da ƙarfi, kada a matsa kullutun don a fasa shi. Naman cikin nono yana da taushi ƙwarai, murza tana ƙuje shi, ta ƙara kumburi, ta share wa ƙurji hanya.

Kada a gasa shi. Lokacin wankan jego, a kiyaye nonon mai ciwo daga tafasasshen ruwa da ganyen da aka tsoma cikinsa. Zafi yana ƙara jawo jini wurin, kumburi ya ƙaru, wani lokaci ma fata ta ƙone. Ruwa mai ɗumi kaɗan, na ɗan lokaci kafin shayarwa, ba laifi in uwa tana jin daɗinsa.

Kada a yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Aska da ƙarfe suna shigar da cuta, suna iya yanke hanyoyin ruwan nono, su bar miki mai yoyo wanda zai daɗe bai warke ba.

Kada a shafa toka, ko ƙasa, ko kashin dabba, ko dakakken ganye a kan nonon da ya tsage. Suna ɓata mikin, kuma suna shiga bakin jariri.

Kada a sayi kafso wurin masu tallan magani a kasuwa. Ba a san irinsa ba, ba a san adadinsa ba, ya kuma sha rana. Tramol kuwa yana ratsawa cikin ruwan nono, yana iya sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana.

Yaushe za a tafi gidan likita?

A riƙe wannan ƙa'ida: yini guda da kwana guda, wato awa 24. In an yi abin da muka faɗa na tsawon awa 24, masassara ba ta sauka ba, ko ciwo yana ƙaruwa, to a tafi gidan likita mafi kusa. In babu masassara amma kullutun bai ragu ba bayan kwana 2, shi ma a tafi.

Akwai kuma halin da ba a jira ko kaɗan:

- in masassara ta yi tsanani, uwa ta kasa tashi, ko tana amai, ko tana jiri;
- in mugunya tana fita daga kan nono;
- in kan nono ya tsage ya zama miki;
- in nonna biyu duka suka kumbura tare da masassara;
- in uwa tana da ciwon sukari;
- in uwa tana ɗauke da ƙwayar sida. Ita kam ta tafi ranar da ta ga alamar farko, domin kumburi da tsagewar kan nono suna ƙara haɗarin cutar ta kai ga jariri. Likita zai faɗa mata yadda za ta yi da nonon mai ciwo;
- in jariri ya daina tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi laushi.

Wani dalilin zuwa shi ne, ba kowace masassarar mai jego ke fitowa daga nono ba. Tana iya zama ta cizon sauro, ko ta ciwon mahaifa bayan haihuwa. Gwaji ne ke rarrabe su.

In likita ya ga ƙwayoyin cuta sun shiga, zai ba da maganin da ke kashe su, wanda ake kira antibiyotik. Yawanci ana shansa kwana 10 zuwa 14. A faɗa masa ana shayarwa, domin ya zaɓi wanda ya dace da jariri. A shanye shi duka ko da an ji sauƙi a kwana na 3, in ba haka ba cutar tana iya dawowa. In an sha kwana 2 babu sauƙi, a koma. Duk tsawon wannan lokaci jariri yana ci gaba da tsotso.

In ƙurji ya fito

Kaɗan daga cikin masu kumburi, musamman waɗanda aka yi jinkirin kai su, mugunya takan taru musu wuri guda. Kullutun ya yi ciwo ƙwarai, tsakiyarsa ta yi laushi kamar akwai ruwa a ciki. Wannan ƙurji ne, magani kaɗai ba ya kawar da shi, sai an fitar da mugunyar. Likita yakan zuƙe ta da allura, ko ya yi ƴar ƙaramar yanka da kayan aiki masu tsabta. Jariri ya ci gaba da shan nono mai lafiya. Mai ciwon ma yana iya sha in mikin yana nesa da bakinsa. In yana kusa, a riƙa tatsa kaɗan har ya warke, sa'an nan jariri ya koma. Nonon da ya yi ƙurji ba ya mutuwa, yana sake yin ruwa ga wannan goyon da na gaba.

A lura kuma da wannan. In an gama magani kullutu bai ɓace ba, ko kumburi yana dawowa wuri guda, ko fatar ta yi ƴan ramuka kamar ɓawon lemu, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, to a nemi a duba sosai. Kansar nono wani lokaci tana kama da kumburi, kuma gano ta da wuri shi ke sa magani ya yi amfani. Likitan gari yana iya tura mace gidan kula da lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, ko na Damagaram, ko na Tawa, ko babban gidan haihuwa na Issaka Gazobi da ke Yamai.

Riga-kafi ya fi magani

A sa jariri ga nono cikin awa 1 bayan haihuwa. Dakashi shi ne riga-kafinsa na farko, kuma tsotson farko yana hana nono cika fiye da kima.

A ba shi nono duk lokacin da ya nema. Sabon jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 cikin yini da dare. A bar shi ya sha har ya saki da kansa, sa'an nan a ba shi ɗayan.

Nono zalla har wata 6, kamar yadda OMS ta shawarta tun shekarar 2001. Ko a watan bazara jariri ba ya bukatar ruwa, domin kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Uwa ce za ta sha ruwan, ta ƙara ba shi nono.

A koyi kamun nono mai kyau. Uwa ta zauna daidai, ta juyo da jariri cikinsa ya dubi cikinta, kansa da jikinsa a miƙe, ta tallafe jikinsa duka. Ta taɓa leɓensa da kan nono, ta jira ya buɗe baki sosai, sa'an nan ta jawo shi. Alamomi 4 ke nuna ya kama da kyau: bakinsa a buɗe sosai; leɓensa na ƙasa ya juyo waje; haɓarsa tana taɓa nono; baƙar fatar nono ta fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Za a ga yana tsotsa a hankali, a ji yana haɗiya. In uwa tana jin ciwo har ƙarshen shayarwa, kamun bai yi ba. Ta sa ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ta sake gwadawa. Kada ta fizge nono daga bakinsa. Ungozomar gidan likita tana iya nuna wannan cikin ƴan mintoci, mai haihuwar fari kada ta ji kunyar tambaya.

In kan nono ya fara tsagewa, a gyara kamun, a shafa masa ɗigon ruwan nono bayan shayarwa, a bar shi ya sha iska. Wankan yau da kullum ya isa. Yawan wanke shi da sabulu yana busar da fata har ta tsage. Hannu ne ya fi bukatar sabulu.

Lokacin damina da lokacin yaye

Damina lokacin aiki ne, shuka da noma ba sa jira. Amma mai sabon goyo ta tafi gona da jaririnta, a yi masa inuwa a gindin icce, ta riƙa tsayawa tana ba shi nono. In dole ne a bar shi gida, ta shayar da shi kafin ta fita, ta tatsa cikin kofi mai murfi ta bari. A ajiye shi wuri mai sanyi, a ba shi kafin awa 4. A can gona kuma, in ta ji nono ya cika, ta tatsa kaɗan don ta sami sauƙi. Wajen goyo, a ɗaura majanyi yadda ba zai danne nono ba.

Yaye kuwa a yi shi sannu a hankali. A rage shayarwa guda, a jira ƴan kwanaki jiki ya saba, a sake rage wata, har a gama cikin ƴan makonni. Yaro yana amfana da nono har shekara 2 ko fiye, tare da abinci tun daga wata 6. In uwa ta sami ciki tana goyo, nononta bai zama guba ba, babu dalilin cire yaro rana guda. In kuma dole ta sa an yi yaye da gaggawa, kada a ɗaure ƙirji tam. A sanyaya, a tatsa kaɗan in ya cika, ruwan zai janye da kansa.

Kira ga mutanen gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai jego ba ita kaɗai ke yanke shawara a gida ba, sau da yawa maganar uwar miji da ta maigida ake bi.

Iyayenmu mata, ku ne ke tsaye kan mai jego dare da rana, ku ne farkon masu ganin ciwon. In ta ce muku: "Inna, nonon nan yana yi mini zafi," amsar da ta fi ita ce: "Kwanta ki huta, ɗiyata, ba shi ya sha, bari in kawo miki ruwan sanyi." A ɗauke mata daka da ɗaukar ruwa na kwana 2 ko 3. Abokiyar zama da ƙanne da maƙwabta su kama mata.

Maigida, kai ma kana da aiki. Mata da yawa suna ɓoye ciwon nono saboda kunya, har sai ya nuna. Ka tambaya, ka ba da izinin zuwa gidan likita tun kafin a roƙe ka, ka tanadi kuɗin hanya da na magani tun kafin haihuwa. Kuɗin tafiya guda bai kai na yankan ƙurji ba, bai kuma kai na madarar gwangwani ta watanni ba.

A taƙaice, ga abin da za a riƙe: nonon da ya kumbura bai ɓaci ba, jariri ya ci gaba da sha, a sanyaya, kada a gasa, a shafa, kada a murza, uwa ta huta, in masassara ta wuce awa 24, a tafi gidan likita. Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya mana abin da suka haifa.